Rani Guda Muna Shirin Zuwa Matsirga

Har yau in na ji mutum ya gyara murya ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai in ji raina ya ɓaci. Masu faɗinta ba sa son ƙarasa ta, alhali ƙarshenta shi ne sai dai a daɗe ba a je ba. Ni kuwa na ga daɗewar, a cikin gidanmu ma.

Ƙauyenmu yana kusa da Gumel, tafiyar hantsi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi ko'ina, ba dutse ba kogi. Rijiyarmu in ka saki guga, sai ka gama gaisawa da na kusa da kai kafin ka ji ya taɓa ruwa. Tun da aka kawo Inna gidan Baba take jan igiyar nan, tafin hannunta duk kanta. Ni ne autanta. Rani biyu na yi ina leburanci a aikin layin dogo can kudu, wajen Kafanchan, a shekarun da Turawa ke ta jan ƙarfe suna haɗa gari da gari. A can na ga Matsirga. Kogi ne guda ya zo bakin dutse, hanya ta ƙare masa, sai ya faɗo ƙasa daga tsayin da ya fi na giginya. Wurin ya yi suna. Turawa kan je ran Lahadi da kwandunan abinci su zauna su yi ta kallo, fatake ma kan ratse don su gani.

Da na dawo noma na ba da labari a dandali, aka yi mini dariya. Wani tsoho ya ce, "To shi ruwan, wa ke hawa da shi sama?" Na ce ba kowa. Ya ce in ji tsoron Allah. Daga ranar duk wanda ya shara ƙarya a ƙauyen sai a ce ya sha ruwan Kafanchan.

Inna kuwa ta bari sai da gero ya shiga rumbu. Wata safiya ta kira ni ɗakinta, tana kaɗi.

"Auta, ruwan nan naka, da gaske ba guga ba igiya?"

"Wallahi Inna, ba guga ba igiya."

"To ka kai ni. Gani ya kori ji."

Na fara dariya, sai ta ajiye mazari ta rufe idonta na dama da tafin hannu. Ta ce da na hagun ba ta ganina sam, yanar ido ta gama rufe shi. Na daman kuma kamar an hura ɗanyen itace a ɗaki, kullum hayaƙin ƙaruwa yake. Tana so ta ga ruwan da ke zuwa da kansa kafin na biyun ya bi ɗan'uwansa. Na daina dariya.

"Amma kada ka gaya wa mutumin nan," in ji ta. "In ya ji zai ce makauniya ba ta tafiya, ya tara mini masu magani. Rantse."

Na rantse. Mutumin nan shi ne yayana, ɗanta na fari. Don alkunya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama hira da shi, in tana da magana ni take aika ko da yana tsaye a tsakar gida. Shi ne babban gida tun rasuwar Baba, ya girme ni da shekara goma sha biyar, ni kuma ba ni da bakin ce masa yi ko bari. Wadda za ta iya sa shi sauri ba ta yi masa magana, wanda ya san dalilin saurin an ɗaure masa baki. Haka aka fara.

Shirina mai sauƙi ne. A ɗora Inna a jaki, kwana biyar muna Kano, mu shiga jirgin ƙasa. Kafin wata ya zagayo mun je mun dawo. Na kai wa Yaya maganar yana ƙarƙashin tsamiya yana sassaƙa turmi, don sassaƙa ce sana'arsa. Mutum ne da zai yi kwana uku yana zagaya itace kafin ya ɗaga gatari.

"Uwarmu a jirgi?" ya ce. "A cusa ta cikin maza da buhunan gyaɗa, ta kwana a tasha kowa na tsallake ta? Ba da raina ba."

Don in kwantar masa da hankali sai na ce ai jirgi ba duka ne haka ba, Baturen da ke kula da aikinmu ma tarago guda gare shi, ɗaki ne sosai a kan ƙafafu, duk inda aiki ya kai nan yake kwana.

Yaya ya ajiye gizago. "Ɗaki a kan ƙafafu? Da gado?"

"Da gado. Har da wurin dafa shayi."

Ya share rairayi da gefen hannu ya fara zane da yatsa. Nan take na san bakina ya janyo mini.

Ya ce shi zai yi wa Inna nata, shanu su ja, ta kwana a ɗakinta kowane dare har ta je ta dawo. Na ce tafiyar ta fi wata guda a haka. Ya ce ai rani dogo ne. Na ce to a fara gobe. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya tafi daji neman gawon da zai yi ƙafafu. Mako biyu ya yi kafin ya sami wanda ya yi masa. Ƙafar farko ta tsage tana shanya, ya sake wata. Ya kafa ɗakin da zana, ya yi masa rufin ƙirgi, ya rataya asabari a ƙofa, ya sa gadon kara, ya ɗaure randa a lungu. Har taga ya huda, wai don ta riƙa leƙa hanya. Gaskiya abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi ba ni haushi, don mutane suka fara tahowa daga ƙauyuka kallo. Suka sa masa suna tafi-da-gidanka. Duk wanda ya zo sai Yaya ya ajiye aiki ya zagaya da shi, ya nuna masa tagar, ya buɗe ya rufe.

Ranar gwaji rabin ƙauyen ya fito. Takarkarai biyu muka aro wurin wani Bafulatani abokin Yaya. Shanu ne da suka saba ɗaukar kaya a gadon baya, ba su taɓa jan komai ba. Da aka ɗaura musu itace a wuya, ɗaya ya kwanta, ɗayan ya nufi rijiya. Da ƙyar aka sa su tafiya tare, taku ashirin ƙafafun suka nutse a rairayi har rabi. Yaya ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Sun yi siriri." Ya koma daji. Sababbin da ya sassaƙo faɗinsu kamar an kwantar da turmi, kuma sun ci wata guda. Sanyi ya wuce muna gida.

Na ce, "Yaya, lokaci fa yana tafiya."

"Gaggawa aikin Shaiɗan ne. Ruwan gudu zai yi?"

Na cije leɓe na bar wurin. Na je na roƙi Inna ko dai ta kwance mini rantsuwa, ko mu sulale da jaki da sassafe, in ya so a yi ta faɗa bayan mun dawo.

"Mutum ya yi wata biyu yana sassaƙa mini ɗaki, in hau jaki in bar shi?" ta ce. "Da wane ido zan dube shi?"

A lokacin ta daina kaɗi, don ba ta ganin zaren in ya tsinke.

An sa rana, an daka dakau, an ɗaure kaya, sai ga ɗan aike daga Kawu na Maigatari, ƙanen Inna. Wai ya ji labari a kasuwa kamar bare. A danginmu duk wanda zai yi tafiyar da za a ƙetare manyan koguna, sai ya bi 'yan'uwansa gida gida ya nemi yafiya baki da baki, kamar mai zuwa Makka, don ba a san gawar fari ba. Ba a aika saƙo, zumunta a ƙafa take. Kuma ba a sallamar baƙo kafin kwana uku. Na ce wannan ai kallon ruwa za mu, ba aikin hajji ba. Inna ta ce al'ada ba ta san wannan ba. Yaya ya ce da ma yana son ya gwada keken shanun nasa a doguwar hanya.

Matsirga tana kudu, muka nufi arewa.

Keken nan kuka yake yi. Tun kafin a hango mu an ji mu. Yaya ya riƙa shafa wa itacen da ya ratsa ƙafafun man shanu a kowane zango, sai karnukan kowane ƙauye suka riƙa bin mu suna lasa. A Maigatari Kawu ya sa aka ajiye shi a ƙofar gida, ran kasuwa har Buzaye da mutanen Damagaram suka bar raƙumansu suka zo leƙen taga. Mata kuma da suka ji ruwa ne da ke saukowa daga sama ba damina ba, sai suka yanke cewa magani ne. Kowace ta kawo gora a ɗebo mata, wannan don ciwon baya, waccan don haihuwa. Ba a ƙin sautun dangi. Yaya ya rataye su kewaye da ɗakin, muka ƙara ƙwaram-ƙwaram a kan kukan da muke da shi. Ran kwana na uku, ina ɗaure shanu, matar ɗan Kawu ta haihu. Wa zai tafi ya bar suna? Kwana goma muka yi.

Daga nan sai Gagarawa wurin Goggo, ƙanwar Baba. Kwana biyar hanyar ta ci mu, abin da mai jaki ke yi a biyu. A bayan gari na ga turaku masu fenti a jere sun miƙe sambal, na gane su, na ma'aunan layin dogo ne, za a jawo shi daga Kano ya bi ta nan. Na tsaya ina kallonsu, na ce a raina ko ƙarfen nan da ake shimfiɗawa ɗaya bayan ɗaya zai riga mu isa inda za shi. A gidan Goggo ne Inna ta fito da safe ta rusuna ta gai da tabarmar da aka naɗe aka jingine a jikin danga. Ta tambaye ta gajiya. Yara suka ƙyalƙyale, ita ma ta taya su, ta ce barci ne bai sake ta ba. Ni na zagaya bayan rumbu na yi ta dukan ƙasa da ƙafa kamar mahaukaci.

Saura gida ɗaya, na Iya, yayar Inna, a Sule Tankarkar. Mun yi arewa, mun yi kudu, yanzu kuma yamma, duk a zagayen Gumel, har hayaƙin ƙauyenmu muka hango muka wuce. Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne Iya ce babba. Da ita ya kamata a fara, kuma labari ya riga mu isa cewa an fara da ƙanenta.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi. Ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta sa aka yanka kaza, ta shimfiɗa wa Inna sabuwar tabarma. Amma duk sa'ad da Inna ta buɗe baki za ta faɗi abin da ya kawo ta, sai Iya ta ce, "Ki huta tukuna. Ai ni ce ta ƙarshe, ta ƙarshe kuwa ba ta da gaggawa." Kwana uku, kwana bakwai, kwana goma. Kullum tuwo da miya mai kyau, kullum ki huta tukuna. Ban taɓa cin abincin da ya tsaya mini a ƙirji kamar na gidan nan ba. Zafi ya kai inda ya kai, gawo ya fara zubar da ganye, kowane yammaci gabas sai ta yi duhu ta washe.

Ran kwana na goma sha biyu na fito na ga shamuwa biyu a kan kuka. Kowane manomi ya san abin da ke bin bayan shamuwa. Na juyo, ga Yaya a kan keken da basilla, yana sake ɗinke bakin taga, wai ya ga rana na shiga da yawa. Ban san sa'ad da na saki rantsuwar ba.

"Ka yi ta ɗinki, Yaya! Ka sa mata ado ma! Wadda za ta leƙa tagar ba ta gani!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Basillar ta faɗi ƙasa.

"Me ka ce?"

"Ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana hanya. Don haka take son zuwa. Ko ka zaci yawo take so?"

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka sare gawon farko."

"Kuma ka yi shiru."

"Ita ta hana ni."

"Ita uwa ce, kunyata take ji. Kai fa? Me ya hana ka?"

Ya sauko ya nufi ɗakin da Inna take, ya tsaya a bakin ƙofa. Shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa shiga ya zauna gabanta ba, ran nan ma ya kasa. Ya juya ya je ya durƙusa gaban Iya ya gaya mata komai. Iya ta dafe ƙirji ta yi salati. Cikin numfashi ɗaya ta yafe duniya da lahira, ta sa albarka, sannan ta dube mu ta ce, "Ku kuwa wane irin 'ya'ya ne? Uwarku na wannan hali kuka zauna kuna cin tuwo?" Allah ya gani, ba don ta haifi kamata ba da na faɗi abin da ba shi da kyau.

Yaya ya zama wani mutum. Ya sa wuƙa ya tsinke igiyoyin goran nan duka ya bar su a tsakar gidan Iya. Ya sauke randa, ya sauke turmi. Mutumin da bai taɓa dukan dabba ba ya karyo tsumagiya. Shanun da aka yi wata uku ana lallaɓawa suka rasa abin da ya same shi. Inna na cikin keken. Ta san na faɗa, kuma kwana biyu ba ta kira ni Auta ba. Muka kama hanyar Kano, a karo na farko fuskarmu tana duban inda za mu.

Mun isa Ɗanzomo da la'asar rana ta biyu. Gabas ta yi baƙi, wannan karon ba ta washe ba. Iska ta taso ta ɗage rufin ƙirgin, muka sauko da Inna da gudu zuwa zauren wani dattijo, soro ne mai indararo na giginya. Ya ce mu shigo, ko sallama ba mu gama ba. Ruwa ya kece.

Garin ya ɗauki murna. Yara sun fito tsirara suna tsalle, maza na ɗaga hannu suna godiya, an ji ƙanshin ƙasa. Ni ina tsaye jiƙe sharkaf, ina kallon keken a tsakiyar hanya ruwa na shiga ta tagar. Na san magana ta ƙare. Ruwan shuka ne, ba a yi masa jinkiri, gonarmu na can ba kowa, mai shanu zai nemi abinsa, kogunan gaba kuma za su cika. Wata biyar muna shiri, ga inda muka kai, tafiyar yini ɗaya daga ɗakin da aka haife ni. Ina jin haushin Yaya, da Kawu, da Iya, da shanun, da jaririn Maigatari da bai san komai ba.

Ban lura Inna ta tashi ba sai da na gan ta a bakin zaure. Indararon yana dab da ƙofar, ruwan soron duka ta nan yake zubowa, kauri kamar taɓarya, yana dukan ƙasa yana fantsama. Matan gidan sun fito da tukwane, da suka gan ta sai suka dakata. Ta matsa har ya kusa taɓa mata hanci. Ta karkata kai ta kawo idon dama, hasken yamma na bayan ruwan, kuma na tabbata ta gan shi, don ta bi shi da ido daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. Ta miƙa hannu ya dake ta a tafi. Ta yi 'yar dariya irin wadda ban ji ta yi ba tun Baba na da rai.

"Auta," ta ce, ba ta juyo ba. "Haka yake?"

"Haba Inna!" na ce. "Ko kusa! Wannan ai tsiyayar soro ce. Can kogi ne guda, wannan ko yawunsa bai kai ba."

Ta janye hannun. Ta goge shi a zanenta a hankali, ciki da baya.

"To," ta ce. Ta laluba bango ta koma ta zauna. "Ka gaya wa mutumin nan ya juya shanun. Gobe shuka."

Yaya na tsaye a wurin, ya ji da kunnensa. Ya dube ni sau ɗaya ya fita cikin ruwan.

Kafin geron shekarar ya fid da kai idon daman ya rufe. Ta yi shekara tara bayan haka, tana surfe da laluben hannu, tana gane jikokinta da tafiyarsu, ba ta ƙara tambayata labarin ruwan ba ko sau ɗaya. Ni kuwa mutum ne da na yi wa helumanmu, shugaban leburori, ƙaryar zazzaɓi don in huta yini ɗaya, na yi wa matata ƙarya a kan goro, na yi wa mai unguwa a kan akuya. Ran da uwata ta tambaye ni abin da "E, Inna, haka yake" ya ishe ta, ranar ce na ga damar faɗin gaskiya, don kawai ina cikin fushi.